"Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada": goyon baya ne ko gargaɗi?

Sada Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Limaminmu ya kawo wannan karin magana a huɗubar Juma'a yana jan kunnen masu sare itatuwa suna yin gawayi. Da aka idar, wani dillalin gawayi ya ce ai maganar tasu ce, tunda tana nufin mai abu ya fi kowa sanin ribarsa. Wace fahimta ce daidai?

Lawal Mai'aduwa: Wa alaikumus salam. Dillalin bai kauce ba, domin haka muka taso muna ji: idan mutum ya yi abin da ake ganin asara ne, sai a ce a ƙyale shi, ya yi lissafinsa. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 tsada ta biyo baya, gidaje da yawa sun koma gawayi, matasa kuma suna samun na cefane da shi.

Dikko Safana: Malam Lawal, maganar ta ce rumbunsa. Dajin Rugu na wa ne? Mai sara ya karɓi kuɗinsa yau, amma manomin da iska ke kwashe wa ƙasar gona ba a raba da shi ba.

Hajiya Binta Daura: Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da manyan gawo a gonarta. A lokacin fari na 1973 aka zo sayen su, ga yunwa a gida, kakanmu har ya amince, ita kuwa ta ƙi. Ta ce gawo na zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin awaki. Ta sayar da tasoshinta na aure aka sayi hatsi. Har yau geron gindin itatuwan nan ya fi na sauran gonar tsawo da kauri.

Kabir Dutsin-Ma: Allah ya jiƙan Kaka. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Katsina na cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa don tare kwararowar hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma wasu manyanmu dashe ɗaya suke yi gaban 'yan jarida, ba mai komawa ban ruwa.

Lawal Mai'aduwa: Hajiya, Kaka tana da tasoshin da za ta sayar. Wanda ba shi da komai sai gatari fa, me za mu ce ya sayar?