Tuƙi Cikin Maye: A Raba Ɗan Wasa Da Sana'arsa? (Musayar Waƙa)

Gimbiya:

Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Wannan makon ni aka ba wa zaɓin maudu'i, kuma abin da ya daɗe yana cin raina zan kawo. Kim Sae-ron 'yar fim ce a Koriya ta Kudu, ta fara fitowa tana shekara 9. Da safiyar 18 ga Mayu 2022 ta yi tuƙi a buge a unguwar Gangnam da ke birnin Seoul, ta daki taransifoma, wuta ta ɗauke wa shaguna sama da 50. Ba a rasa rai ba. A Afrilun 2023 kotu ta ci ta tarar won (kuɗin Koriya) miliyan 20. Gidan talabijin na KBS ya hana a nuna fuskarta, aka yanke yawancin fitowarta daga wani shiri na Netflix. Ranar 16 ga Fabrairu 2025 aka tsinci gawarta a gidanta, tana da shekara 24. Amsa-amonmu "ya" ne. Bismillah.

Da sunan Ubangiji Mai iko,
Shi ne na ƙarshe, Shi ne farko,
Na ɗauki alƙalamina da saƙo,
Ku ba ni amsa bisa gaskiya.

Tun tana ƙarama take kan allo,
Yara na wasa, ita ana kallo,
Ba lokacin 'yar tsana balle ƙwallo,
Gaban kyamara ta yi tarbiyya.

Ta sha ta hau mota, wannan laifi ne,
Ban ce a ɓoye ba, abin ƙi ne,
Mai cewa ƙarami ne maƙaryaci ne,
Mota makami ce a hannun mai giya.

Alƙali ya zauna ya yanke tara,
Ta ba da haƙuri a gaban kyamara,
Sai ga wata kotu daban ta fara,
Kotun da ke zaune cikin waya.

Ita wannan kotun ba ta da wa'adi,
Alƙalanta sun fi ƙarfin adadi,
Kowa da dutsensa, jifa da daɗi,
Ba ranar da za a ce ta gama biya.

Ta nemi aiki a shagon shayi,
Aka ce ƙarya ce, wasa take yi,
Ta nufi dandali, aka ce kar ta yi,
To ina za ta sa kanta a duniya?

Ga tambayata, manya da yara:
Wanda ya yi laifi ya biya tara,
Shin sana'arsa ma sai an sara
Har saiwa, a bar shi cikin tsiya?

Baffan Yara:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta, na ajiye wayar, na sake ɗauka. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni a gaban motar nake tsaye.

Ƙanena ya fito sallar asuba,
Da carbinsa, yana tafe gefen hanya.

Wani ya kwana yana sha a wajen biki,
Ya taho a guje, idonsa a rufe da giya.

Takalminsa ɗaya muka tsinta cikin kwata,
Ɗayan har yau ba labari, ya ɓuya.

Ya bar mata da ciki wata 7,
Da yara 2, ƙaramar ba ta fara tafiya.

Kin ce a Gangnam ba a rasa rai ba,
Sa'a ta yi, kar ki lissafa ta a niyya.

Da taransifomar nan ɗan makaranta ne,
Da yau wa muke rera wa ta'aziyya?

Da safe fa aka ce, gari ya waye,
Lokacin da uwa ke riƙe da hannun ɗiya.

Koriyawa ba haka kawai suka tsananta ba. A Satumban 2018 wani mai maye ya kaɗe Yoon Chang-ho a Busan, saurayi ɗan shekara 22 da ya zo hutu daga aikin soja. Ya yi makonni bai farfaɗo ba, ya rasu a Nuwamba. Abokansa suka tsaya kai da fata har aka yi doka da sunansa, kuma daga Yunin 2019 aka sauke iyakar barasa a jinin direba daga kashi 0.05 zuwa 0.03 cikin ɗari. Da jini aka rubuta dokar nan.

Mai waƙa ba kamar ni ba ne, ƙanwata,
Dubbai ke kwaikwayon askinsa da tafiya.

In ya sha ya tuƙa, gobe ya hau dandali,
Yaro zai ce ashe abin ba wuya.

Kowa ya ci ladan kuturu ya yi aski,
Mai cin suna ya ɗauki nauyinsa a wuya.

Ni dai a sauke shi, a kashe masa fitila,
Ya je ya yi noma, ko dako, ko saƙar igiya.

Direban Dare:

Yaya, Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya raya abin da ya bari. Ni ba malamin waƙa ba ne, a tasha nake rubuta wannan ana yi min lodi.

Shekara 22 ina kan tirela,
Kano zuwa Legas, dare da fitila,
Na kwashi gawa, na ga wahala,
Ba mai koya min sharrin giya.

In ni na sha, a karɓe lasisi,
Kar a bar ni in taɓa ko da tasi,
Ko da gidana zai kwana ba sisi,
Don a cikin sana'ata na yi ɓarnar, Yaya.

Mawaƙi ba muryarsa ce ta yi ɓarna ba,
'Yar fim ba fuskarta ce ta bar titi ba,
Tela in ya yi haka, ba a ƙwace keke ba,
Makulli ake karɓa, a raba shi da taya.

A tasha ina gani da idona,
'Yar leda ta giya a hannun abokina,
Ya shanye, ya loda, ya wuce ta gabana,
Ba mai ɗaukarsa hoto a waya.

Shi ba shi da suna, ba mai kula shi,
Mai suna kaɗai ake wa fushi,
In rai ake so a tsare, a tashi,
A tare ƙofar tasha tun da safiya.

Hajiya Inna:

'Ya'yana sannunku. Ni 'yar zamanin sinima ce, Indiya na fi sani. A Satumban 2002 motar Salman Khan ta hau kan mutanen da ke kwance a bakin wani gidan burodi a Bandra, cikin Mumbai. Mutum 1 ya mutu, 4 suka ji rauni. A Mayun 2015 kotu ta yanke masa shekara 5, a Disambar shekarar babbar kotu ta wanke shi, ta ce masu ƙara ba su tabbatar shi ke tuƙin ba.

Kotu ta wanke shi, ban ɗora masa ba,
Abin dubawa halinmu ne na duniya.

Shekara 13 ana kai da komo,
Layin sinima bai ragu ba a Indiya.

Mu ma nan Kano mun saya mun kalla,
Wa ya tambayi sunan mai kwana a hanya?

Ita ko ta daki ƙarfe, ba jini,
Aka bi ta har ƙasa ta rufe ɗiya.

Jifa kan marar gata take sauka,
Mai jama'a da kuɗi yana da kariya.

Mu ma a Kannywood in kora ta tashi,
Ku duba wa ake fara nuna wa hanya.

In korar nan doka ce, ta hau kowa,
In ba ta iya manya, a ɗaga wa yarinya.

Malam Na-Zaure:

Allah Ya yi muku albarka. Waɗanda ake zancensu ba a ƙarƙashin shari'armu suke ba, mizani kawai zan aro. Ya zo a Bukhari cewa akwai wani mutum da aka sha kawo shi gaban Annabi (SAW) saboda giya, ana yi masa bulala. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku.

Giya uwar laifi ce, ba musu,
Masu shan ta Allah Ya shirye su,
Amma haddi da lissafi ya zo musu,
40 ko 80, a sallame su,
Ba a ƙara ɗaya don ƙiyayya.

Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana,
Alƙali ya rufe littafi, mu mun tona,
Mun hau tudun laifinmu muna nuna
Na wani da yatsa, dare da rana,
Mun zama 'yan aikin Shaiɗan ba biya.

Sai dai Gimbiya, ba kowa ne irin 'yar taki ba. A Mayun 2024 mawaƙi Kim Ho-joong ya daki tasi a Seoul ya gudu. Manajansa ya sa tufafinsa ya je wurin 'yan sanda ya ce shi ne, aka lalata katin kyamarar motar. Kwana 10 ya yi kafin ya amsa cewa ya sha, a tsakanin har wasa ya hau ya yi. A Nuwamba aka ɗaure shi shekara 2 da rabi.

Ba duka na ce a yafe ba,
Wanda ya gudu bai tsaya ba,
Ya tura yaronsa, bai ji kunya ba,
Ya hau dandali kamar bai yi ba,
Wannan ya haɗa maye da ƙarya.

Wanda ya tsaya ya ce ni na yi,
Ya biya wanda ya cuta, ya ji nauyi,
Ya ja da baya har zukata su yi sanyi,
In ya dawo neman abinci ya yi,
Mai so ya kalla, mai ƙi ya juya.

Gimbiya:

Na karɓi gyara, Malam. Baffa, gare ka nake.

Baffa, kalamanka sun sa ni kuka,
Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya raya naka,
Wa zai iya auna zafin rashinka?
Takalmin nan ya tsaya min a zuciya.

Amma korarta me ta gyara?
Wane mashayi ne ya ji ya saurara?
Da an bar ta ta zaga makarantun yara,
Ta ce ga abin da na yi, ku guji giya.

Ta biya yawancin masu shagunan da wutarsu ta ɗauke, ta ba su haƙuri. Ku kuma dubi mawaƙi Suga na ƙungiyar mawaƙan Koriya ta BTS: a Agustan 2024 aka same shi ya faɗi daga ƙaramin babur mai caji, barasar jininsa kashi 0.227 cikin ɗari, aka ci shi tarar won miliyan 15. An yi ta surutu, amma yana nan a ƙungiyarsa.

Shi yana da runduna ta tare masa,
Babban kamfani yana bayansa,
Ban ce a kore shi ba, a bar masa aikinsa,
Ita ma shi na so mata tun jiya.

Baffan Yara:

Amin ƙanwata, na gode. Malam, Allah Ya ƙara sani. Jiya ban yi barci ba.

Malam na ji, kuma ban ƙi hadisi ba,
Sai dai ciwon yana nan ƙasan zuciya.

Wanda ya kaɗe ƙanena yana raye,
Na gan shi bara yana tuƙi yana dariya.

Manya sun shiga, aka ce a yi sulhu,
Don nauyinsu muka bar zancen diyya.

Kwana 3, kwana 7, har 40,
Muna kan tabarma muna duban hanya,

Ko zai zo ya durƙusa ya ce ni ne.
Bai zo ba, bai aiko ba, ko ta waya.

Ita yarinyar taku ta ce ni ce,
Ta nemi masu shago da haƙuri da biya.

Da ita ce ta zo ƙofar gidanmu,
Da na ba ta wurin zama, ko ba yafiya.

Da ban sa hannu a jifanta ba, ƙanwata,
Na san yadda ake wanke gawar ɗiya.

Amma fim ɗinta, kar ku ce in kalla,
Fitilar mota kawai zan gani a tsakiya.

Gobe Litinin, ni zan kai su makaranta,
Hannuna 2, yara 3, ga tsallaka hanya.