Yaya ake gane rumman ya nuna a kan bishiya?

Assalamu alaikum. Don Allah masu rumman a gida ku taimaka min. Nawa ɓawonsa ya yi ja, amma da na fasa ɗaya sai na tarar ƙwayoyin fari-fari, ga tsami. Na bar sauran, yanzu wasu sun fara tsagewa a reshe, tururuwa na shiga. Rumman kuwa ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, shi ya sa nake tsoron gaggawa. Wai in an ƙwanƙwasa nunanne ana jin ƙara kamar ta ƙarfe, ni dai kunnena bai bambance ba. Nauyinsa zan duba ko siffarsa? Tsagewar kuma, alamar nuna ce ko yawan ban ruwa?