Gidan gado a Ɗorayi, satifiket da sunan marigayi: in ba da kafin alƙalami?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo min tallan gida a Ɗorayi, ɗaki huɗu, miliyan 27. Gidan gado ne, magada bakwai da mahaifiyarsu, ɗaya yana Saudiyya. Akwai satifiket amma da sunan marigayin. Babban wansu ne ke cinikin, dillali kuma ya ce in ajiye miliyan biyu kafin alƙalami zuwa Juma'a, wai akwai mai so. Wanda ya taɓa sayen irin wannan, me zan fara yi?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Hajiya in dai akwai satifiket ai magana ta ƙare. Ki saya.

Baban Khalifa: Ba ta ƙare ba, ɗan uwa. Nawa ma da satifiket. Na biya babban ɗa a gaban mai unguwa da shaidu huɗu, aka yi addu'a, aka raba goro. Na canja kwano, na yi siminti, muka tare. Bayan wata takwas sai ga sammaci. Ashe marigayin yana da 'ya a Maraɗi da matar da ya saka tun da daɗewa, ba wanda ya ambace ta. Alƙali ya tambayi takardar rabon gado, babu, don ba a taɓa rabawa ba. Wanda ya sayar min ya riga ya sayi mota ya ƙara aure. Shekara huɗu ina hawa matattakalar kotu, ƙarshe sulhu aka yi na sake biyan kason yarinyar daga aljihuna. Ba na ganin laifinta, haƙƙinta ne.

Ummu Hanan: Innalillahi. Shi mai unguwar fa?

Baban Khalifa: Ya ce shi ciniki ya shaida, ba dangi ba.

Abu Safwan: Hajiya kar ki ba da ko sisi tukuna. Ki nemi hoton satifiket, lauya ya bincika a KANGIS (hukumar rajistar filaye ta jihar Kano) ko na gaske ne, ko an jinginar da shi a banki. Su kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a, kowane magaji ya sa hannu, har uwar, don tana da tumuninta. Na Saudiyya ya aiko takardar wakilci. Kuma a dokar filaye ta 1978, sashe na 22, sai da amincewar gwamna mallaka ke komawa sunanki. Takardar ciniki kaɗai ba ta canja suna.

Ɗan Kurmi: Gidan babanmu tun kafin 1978 yake, ba gwamnan da ya sa hannu, har yau muna ciki.

Abu Safwan: Gwada kai shi banki ka gani.

Alhaji Na-Gwale: Ku yara kun cika son takarda. Gida uku na saya, ban taɓa ɗaukar lauya ba. Dattawan layi za ki tambaya bayan la'asar, su suka san wa ya haifi wa. Lauya ne zai san akwai 'ya a Maraɗi?

Abu Safwan: Gaskiya ne Baba, amma dattawa ba su san abin da ke fayil ba.

Maman Ilham: To nawa lauyan zai ci?

Ummu Hanan: Dubu 150 na biya bara.

Baban Khalifa: Ni biyar cikin ɗari aka nema.

Ɗan Kurmi: Biyar cikin ɗari ai la'adar dillali ce, kun haɗa.

Sarkin Zolaya: "Akwai mai so" ɗin nan tun ina firamare yake son gidajen Kano, har yau bai saya ba.

Ummu Hanan: Wallahi dillalai! Ni haya kawai nake nema a Rijiyar Zaki, kowane gida sai na ba da kuɗin gani. Mutum uku suka rako ni, kowa wai shi ne mai gidan a hannu.

Alhaji Na-Gwale: Ai yanzu duk mai waya dillali ne.

Maman Ilham: Ya sake kira yanzu, wai na Saudiyyar zai yi min magana ta WhatsApp. Wannan ya isa?

Sarkin Zolaya: Ki tambaye shi ko suna da 'yar uwa a Maraɗi.

Ummu Hanan: Ku dai ku faɗa min, kuɗin ganin gida halal ne?