Da dala 250, wace kujerar bishiya zan saya don dakon barewa?

Baban Ummi (Kolombus, Ohayo)

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga farautar barewa a nan Amurka.

Shekarata tara a Kolombus, babbar mota nake tuƙawa. Akwai wani Bature abokin aikina da ya gaji gona a kudu maso gabashin jihar, wajen garin Atens, ba nisa da dajin Wayne. Bara ya ja ni na raka shi, ya ɗora ni a kan wata tsohuwar kujerarsa da ke ɗaure a jikin bishiya, shi ya yi gaba. Wallahi ban taɓa sanin awa uku na da tsawo haka ba. Mazaunin bai fi faifai ba, soson da ke kai kamar na wanke-wanke, wurin sa ƙafa kuwa da ƙyar ya ɗauki takalmana. Kafin hantsi ƙafafuna sun mutu murus. Can sai ga barewa ta ɓullo, na ɗan gyara zama don in gan ta sosai, ƙarfen ya yi ƙara, ta ɗaga farar wutsiyar nan tata, ko ƙurarta ban gani ba.

Duk da haka abin ya shiga raina. Bana na yi kwas ɗin sababbin mafarauta, na yanki lasisi da takardar barewa, na sayi baka irin mai kunama na hannu. Mai gonar ya rubuta mini izini ya sa hannu, don a Ohayo ba a farauta a filin wani sai da izini a rubuce. Kujera kawai ta rage.

Shekarata 47, nauyina kilo 108, tuƙi kuma ya bar ni da ciwon baya. Uwargida ta yanke mini dala 250, ta ce in na haura haka gara mu ci gaba da sayen nama a kanti. A shago na ga iri uku: mai tsani a jikinta, da wadda ake ratayawa a ɗaure, da wadda mutum ke hawa da ita kamar masu hawan kwakwa. Yaron shagon duk wadda na taɓa sai ya ce ita ce ta fi. Lokacin farauta da baka ya buɗe tun ƙarshen Satumba, zai kai farkon Fabrairu, amma so nake in shirya kafin farkon Nuwamba, lokacin da mazan barewa ke bin matansu har da rana. Wacce zan iya zama a kanta daga asuba zuwa azahar? Na riga na yi wa yara alkawarin kilishi.

Tsohon Maharbi (Madisan, Wiskonsin)

Wa alaikumus salam ƙanena. Kaka goma sha huɗu ke nan ina hawa bishiya a nan, bari in gaya maka yadda zan kashe kuɗin da nawa ne.

Ba dala 250 gare ka ba. Cire kuɗin ɗamarar da ke tare mutum in ya zame da na igiya tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin kujera. Kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kujerun nan, TMA, suna sa ɗamarar jiki a cikin kwali tun 2004, amma ta kyautar nan tarin maɗaurai ce masu harɗewa. A duhun asuba, yatsu sun ƙage, sai shaiɗan ya ce maka bar ta a mota yau kaɗai. Sayi mai kamar falmaran, wadda kake zurawa ka danna ƙugiyoyinta ka wuce. Sai doguwar igiya da ake ɗaurewa daga saman kujera har gindin bishiya, mai ƙullin nan da ake kira Prusik. Kana hawa kana tura shi da hannu yana zamewa, in nauyinka ya faɗa kansa sai ya ciji igiyar ya tsaya. Yawancin masu faɗowa wajen hawa da sauka suke faɗowa, shi ya sa nake maƙalawa tun ƙafata na ƙasa. Ni biyun nan sun ci mini wajen dala 100.

Da sauran, ga mai jiki irin naka da baya irin naka, a gonar da ba mai hana ka barin kaya, mai tsani zan ce ka saya. Tana da nauyi, amma sau ɗaya ake kafa ta a shekara, daga nan sai dai ka zo da bakanka ka taka matakala kamar mai hawa bene. Ƙafa 15 zuwa 17 ta ishe ka. Masu son ƙafa 25 burga ce, in ka yi sama da yawa kibiya a tsaye take sauka, ta huda huhu ɗaya, ka wuni bin jini.

Ka duba nauyin da aka rubuta a kwali. Yawanci laba 300 ne, kuma har da kaya ake nufi. Kilo 108 laba 238 ke nan, ka ƙara rigunan sanyi da takalma da baka da jaka, ka ga ka doshi 270. Duk wadda aka rubuta 250 ka wuce ta, ko kyauta ce.

Jin daɗin zama kuwa a wuri biyu yake. Na farko mazauni: nemi na raga da aka ɗame a tsakanin ƙarafa, mai majingina da wurin ɗora hannu, faɗinsa inci 20 ko fiye. Raga tana bin jiki, ba ta shan ruwan sama kamar soso, sai dai iska na ratsa ta daga ƙasa, don haka ka riƙa ɗan matashi. In ka zauna ka ga gwiwoyinka sun fi ƙugunka tsayi, tashi ka bar ta, bayanka ba zai yi awa biyu ba. Na biyu wurin sa ƙafa, kuma a nan ne masu araha suke yanke ƙarfe. Wasu ɗan tsiri ne kawai kamar matakala. Kai wanda ya kai har jikin bishiya kake so, mazaunin kuma mai ɗagawa sama, yadda za ka miƙe ka jingina da bishiya ka warware jiki ba tare da hayaniya ba. Ƙarfen gaba na ɗora baka yana da amfani, ka naɗe shi da soson bututun ruwa. In an kafa samfuri a shagon, zauna a kai kwata guda, kada ka ji kunyar yaron.

Ƙarar da ta korar maka barewa bara, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a wajen kusoshi. Ɗan zoben roba ake sawa a tsakani lokacin haɗawa. Kada ka zuba mai mai wari.

Ranar kafawa ku zama mutum uku. Babu lokaci mafi haɗari kamar hawan farko, kafin a ɗaure saman. Ku tokare tsakiyar tsanin da sandarsa, ku gitta dogayen maɗauran nan biyu a bayan bishiya ku ɗame su daga ƙasa, biyu su riƙe, sannan ɗaya ya hau. Kuma ka ɗaga kai ka dubi bishiyar. Wani koren ƙwaro da aka fara gani a Mishigan a 2002, ya shiga Ohayo a 2003, ya kashe bishiyoyin da ake kira ash ba iyaka. Suna nan tsaye a dazuzzukanku miƙaƙƙu gwanin sha'awa, alhali matattu ne, rassansu na karyewa ba sallama.

Badamagare (Girinsboro, Karolaina ta Arewa)

Alhaji, a kan ɗamara ba ni da ja, amma a kan mai tsani ina da magana. Barewa ba ta yi alkawari da bishiya ɗaya ba. Yau iska ta juya tana kai mata warinka, gobe 'ya'yan bishiyar oak sun zuba a wani tudu duk sun koma can, kai kuma kana nan a dashe kamar turke. Ni a dajin gwamnati na Uwharrie nake farauta, kayana a bayana suke shiga, a bayana suke fita. Summit Viper gare ni, irin mai hawa, nauyinta wajen laba 20, goya ta nake kamar jaka. Mazauninta a rataye yake kamar lilo, ƙarfe ya kewaye ka, na sha yin gyangyaɗi a ciki. Sabuwa ta fi ƙarfin kuɗinka Malam, ni ma ta hannu na saya a Facebook.

Amma kada in cuce ka. Sai bishiya miƙaƙƙiya marar reshe, mai kaurin inci 8 zuwa 20, mai kaushin ɓawo. Hawan kuma aiki ne: ka zauna ka jawo sashen ƙasa da ƙafafu, ka miƙe ka ɗaga na sama, haka har ka kai. Ciki da baya ke shan wahalar. Da ciwon da ka ambata, ka ari ta wani ka gwada kafin ka saki kuɗi.

Wadda na fara saya, ba wannan ba, na hau da ita ban haɗa sashen sama da na ƙasa da igiya ba. Ina kaiwa sama na ƙasan ya zame daga ƙafata, ya sulale har gindi. Na zauna ƙafafu na reto kusan awa biyu kafin abokin tafiyata ya neme ni. Laifina ne, igiyar na nan cikin kwali a gida.

In ta hannu za ka saya, ko wace iri ce, ka bi waldar da ido, ka canja duk maɗauri. Rana na cinye su, kurege na gaigaya, bishiya kuma tana ƙara kauri ta ɗame su har su tsage. Ka kuma duba sunanta a shafin CPSC, hukumar da ke sanar da kayan da aka janye daga kasuwa.

Maman Sadik (Pitsbag)

Yaya Baban Ummi, ni ko kurciya ban taɓa harbi ba, amma ma'aikaciyar jinya ce ni a sashen gaggawa, kuma kaka ba ta wucewa ba a kawo mana masu faɗowa daga bishiya ba. Ƙashin baya, ƙugu, diddige.

Ɗamara ta tare ka ba shi ke nan ba. In ka daɗe a rataye, maɗauran cinya suna matsewa jini ya taru a ƙafafu, mutum na iya suma. Akwai wani ɗan maɗauri da ke zuwa tare da ita, wanda ake taka shi a miƙe don a sassauta cinya. Ya kasance a aljihun da hannunka zai kai. Igiyar bayanka ka ɗaure ta sama da kanka, yadda in kana zaune ba ta da sako-sako, ko ka zame ba za ka yi ƙasa da kujerar ba. Waya a aljihun ƙirji, ba a jaka ba. Yankin Atens tuddai ne, sabis na ɗaukewa a cikin kwari, don haka Maman Ummi da mai gona su san bishiyar da kake da lokacin dawowarka. Baka kuma da igiya ake jawo shi sama, ba kibiya a kai.

Ko kuwa ka sayi tantin nan na ƙasa da kujera mai hannu. Har yau ba a kawo mana wanda ya faɗo daga tanti ba.

Jikan Sarkin Baka (Ningi)

Ikon Allah. Ina karanta ku ina dariya. Kakana da burtu a ka yake rarrafe har ya kusanci nama, in dako zai yi a bakin ruwa sai ya haye tsamiya ya zauna a gwafar reshe ya ɗaure kansa da rawani. Ashe ɗamarar ma tsohuwar hikima ce. Amma Baba Alhaji, barewar da ta mutu kafin ku gama kwance igiyoyin nan ku sauko, ya matsayinta?

Tsohon Maharbi (Madisan, Wiskonsin)

Ɗana, bisimilla ake yi lokacin sakin kibiya. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke Buhari da Muslim ya nuna abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da gefensa ba a ci. In an iske ta da sauran rai yanka ya wajaba, shi ya sa wuƙata ba ta rabuwa da ƙuguna. Baban Ummi, doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, don haka ka yi asubarka a gefen mota, ka taka a hankali ka hau da sauran duhu.

Baban Ummi (Kolombus, Ohayo)

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya saka da alheri. Na ari mai hawa wajen ɗan mai gonar kamar yadda Malam Badamagare ya ce, ban kai ƙafa goma ba bayana ya ce in sauko.

Mai tsani na saya, ƙafa 17, laba 300, mazaunin raga, wurin ƙafa har jikin bishiya. Na same ta a rangwame dala 160. Falmaran da igiya 95. Na haura da dala biyar, uwargida ta ce ta rubuta. Mu uku muka kafa ta a bakin gonar masara da aka girbe. Alhaji, bishiyar da na fara nunawa, mai gonar ya ɓanɓari ɓawonta da hannu ya nuna mini hanyoyin tsutsa a ciki, ashe ash ce matacciya. Muka koma wata oak.

Ranar Asabar na zauna daga shida da rabi har sha ɗaya da rabi, na miƙe sau uku ba ko ƙara, baya lafiya lau. Barewa uku sun wuce ta can ƙarshen gona, sun yi wa kibiya nisa, na bar su. Ƙafafuna ne dai suka daskare a kan ƙarfen nan har na kasa jin yatsuna wajen sauka. Wane irin takalmi kuke sawa, kuma safa nawa? Ummi ta riga ta soya gyaɗar kilishi.