Kumburi bayan gama maganin kuturta, ƙwayar cutar ce bata mutu ba?

Ƙanwar_Yaya:
Slm yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yayana ya sha maganin kuturta wata 12 cif bai taɓa tsallake ko rana ɗaya ba, aka sallame shi muka yi ta murna, to yau wata huɗu kenan sai ga wasu ƙullutai jajaye masu zafi sun feso masa a hannu da cinya, ga zazzaɓi ga zugi a gwiwar hannu ko barci baya iya yi. Wlh hankalina ya tashi. Cutar ce ta dawo? Kuma zai iya shafa wa yara?

Anti_Nas:
Wslm ƙanwata, kwantar da hankalinki. Abin da kika siffanta yafi kama da riyakshin (wato kumburin da garkuwar jiki ke tayarwa) nau'i na biyu, wanda likitoci ke ce ma ENL, kuma yana zuwa kafin magani ko ana cikin sha ko bayan an gama. Rifamfisin ɗin da ke cikin maganin tun shan farko yake kashe kusan duka ƙwayoyin, matsalar ita ce gawarsu bata barin fata da jijiyoyi da wuri, sai ta shekara da shekaru jiki na share ta kaɗan kaɗan, to garkuwar jiki ita bata bambance mai rai da matacciya tana ganin ɓurɓushin sai ta hau shi da faɗa, wannan faɗan shine kumburin da zazzaɓin. Riyakshin baya yaɗuwa, yara ba abin da zai same su ta nan.

Dan_Lab:
Anti na yarda dake amma kar mu ɗora komai akan gawa. Wannan ƙwayar tana da naci, sai ta yi kusan sati biyu kafin ta rabu gida biyu, kuma akwai yan kaɗan da ke lafewa cikin jijiya kamar masu barci magani bai cika isa gare su ba, shi yasa har yanzu masu bincike ke duba ko masu ran suna da hannu a riyakshin mai yawan dawowa. Wahalar ma gano mai ran ce. Tun 1873 da wani likita mai suna Hansen ya gano ta a ƙasar Norwe har yau an kasa renonta a kwanon gwaji, sai dai a tafin ƙafar ɓera ko jikin dabbar amadilo. Mu a madubin duba ƙwayoyin cuta wadda ta fito sambal muke ɗauka mai rai, wadda ta kakkarye matacciya. Ni da a sake kankarar fatarsa a kwatanta da sakamakon baya, in adadin ƙwayoyin ya ƙaru maimakon raguwa to maganar dawowar cuta ta taso.

Anti_Nas:
Gaskiya ne Dan_Lab, a yi gwajin. Amma ni zugin gwiwar hannun nan yafi damuna, nan jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa ta bi, in ta kumbura aka yi sakaci shine yatsu ke lanƙwashewa. Ƙanwata gobe goben nan ki kai shi inda ya karɓi magani kar ki jira. In sun bashi firednisolon, maganin rage kumburi, kar ya yanke shi lokaci ɗaya don yaji sauƙi, a hankali ake rage shi.

Ƙanwar_Yaya:
Allah saka da alheri. Yanzu na tambaye shi yace tun shekaranjiya ƙaramin yatsan baya jin taɓi sosai, da sassafe zamu tafi insha Allah.