Fita cin abinci da iyali a Kano

Da aka tattauna batun kai iyali gidajen abincin Kano masu yi wa girkin gargajiya sabon salo, yawanci sun ce a je bayan La'asar, kafin cunkoson bayan Isha. Iyaye mata sun dage kada a saya wa kowane yaro nasa. Faranti biyu manya sun wadatar, don yaro ya ci loma uku sai ya ce ya ƙoshi. Gurasa bandashe da ɗanwake mai ƙwai sun sha yabo, amma a ce a kawo yajin a gefe. Kan masa da cuku kuwa, baki ya rabu. Ni dai a bar ni da miyar taushe. A kuma tambayi farashi tukuna, har na zoɓo.