Shawarwari kan zaɓen allon zamiyar ƙanƙara a matsayin kyauta ga gwana

Game da tambayar wane allon zamiya (snowboard) ya dace a saya wa gwana a matsayin kyauta, mafi yawan masu ba da shawara sun yarda cewa macen da ta daɗe tana zamiya a kan dusar ƙanƙara ta riga ta san irin allon da ya dace da ita, don haka saya mata a ɓoye kasada ce. Nauyin jikinta ya fi tsayinta muhimmanci wajen zaɓen tsawon allo, faɗinsa kuma ya danganta da girman takalminta, shi ya sa allunan mata suka fi sirantaka. Wasu sun tunatar cewa allunan kamfanin Burton suna da nasu tsarin ɗaure ƙafa, wanda ba kowane maɗauri ke shiga ba. Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a biya mata kuɗin gwada alluna a kan dutsen da ake zamiya, sannan ta zaɓa da kanta.